Injin da ya ƙi barin shagon Yaya

Anti, ki taimake ni da shawara. Abin da ke damuna ban iya faɗa wa abokan sana'a ba, don ko dai su yi mini dariya, ko su daina zama a bencina.

Gyaran babur mai caji nake yi, musamman injin nan da ke cikin tayar baya. A hannun Yayana na koya, shagon ma nasa ne. Bara ya rasu, Allah ya jiƙansa. Da rana tsaka yana cikin aiki ya ce kansa na juyawa, ya jingina da bango, kafin mu isa asibiti rai ya yi halinsa. Ya bar wani inji a buɗe kan tebur, ya naɗa rabin wayar jan ƙarfen da ke ciki. Bayan an share makoki ni na ƙarasa naɗin, na rufe, na ba mai shi, wani mai kai saƙo.

Ba a jima ba wani tela ya turo babur, ya ce yana cikin tafiya lafiya lau ya mutu masa a bakin layinmu. Ina cire murfin na ga aikin Yaya. Bahago ne shi, naɗinsa hagu yake kwantawa, kuma da jan zare yake ɗaure bakin waya. Rabi nasa, rabi nawa. Tela ya ce na hannu ya saya. Na duba boris ɗin da taya ke juyawa a kai, na duba maganaɗisu, na sa mitar auna wuta, ban ga komai ba. Ina haɗa batir ya tashi. Na sallame shi, na ce a raina duniya ce ƙarama.

Sai ga wani mai sayar da magani da injin nan dai. Yanzu kuma wata malamar makaranta ce, ita babur ɗinta ma daban ne, tayar kawai aka ɗaura masa. Babu wanda ya san wani a cikinsu. Kuma duk wuri ɗaya yake mutu musu: in sun gama hawan nan mai tsawo daga ƙarƙashin gada, daidai turken lantarkin da ke kallon ƙofarmu.

Wannan karon na cire tayar na rataye ta a ƙugiyar bango. In na yi mata alama da alli, da safe sai in tarar alamar ta sauya wuri. In na juya ta da hannu wani amo take yi ƙasa-ƙasa, irin gunjin da Yaya kan yi ta hanci in aiki ya yi masa daɗi. Na yi kuskuren faɗa wa matata, ita kuma ta faɗa wa Mama, mahaifiyarmu. Tun ranar Mama ke zuwa shago da hantsi, ta zauna a kujerar Yaya, ta ɗora tafin hannunta kan injin tana ba shi labarin gida, wa ta haihu, wa ya tashi daga unguwa. Shekaranjiya ta juyo, fuskarta a sake, ta ce: wai Yayanka ya ce in gaya maka ka cika matse waya. Anti, wannan shi ne faɗan da Yaya ya yi ta yi mini har ya mutu, kuma Mama ba ta san yadda cikin inji yake ba. Sifanar da ke hannuna sai da ta faɗi.

Matata ta ce in kai injin bola, ta hana ni shiga ɗaki da kayan aiki. Mama ta ce in ya bar shagon ba za ta yafe mini ba. Malama kuma kullum tana kira, 'ya'yanta biyu da take ɗauka a baya yanzu a ƙafa suke zuwa makaranta. Ina tsoron in mayar mata ya mutu da yara a tsakiyar hawa, manyan motoci a bayansu. Ni kaina na fara yi wa shagon sallama in na buɗe. Yaya zan yi?

Ƙanin mai gyara

Ƙanena, Allah ya jiƙan Yayanka, ya ba ku haƙuri. Ban yi dariya ba. Ni ma da na zo kan maganar Mama sai da na ajiye takardar na ɗan lokaci.

Na kai wa wani tsohon mai gyara labarin injin, bai ko yi mamaki ba. Ya ce akwai ciwon da ba ya nuna kansa sai inji ya yi zafi: waya da ta ɗan goge, ko ƙananan na'urorin da ke gaya wa akwatin da ke raba wa inji wuta yadda taya ke juyawa. Hannu biyu sun yi naɗi ɗaya, ɗaya a sake ɗaya a matse. Hawan gadarku yana gasa shi, a ƙarshen hawan yake sarewa, shagonka ne mafi kusa, kafin ka sa mita ya huce. Wanda ya gaji da shi ya sayar, wani ya saya. Ka ɗora masa kaya mai nauyi, ka hau hawan da kanka, ka auna shi da zafinsa. Tayar da ke rataye kuwa, ɓangarenta mai nauyi ne ke neman ƙasa duk sanda babbar mota ta girgiza bango.

Maganar Mama fa? Mai yiwuwa Yayanka ya sha yin wannan mitar a gabanta, uwa kuwa ba ta zubar da maganar ɗanta. Ba zan rantse maka haka ne ba. Amma ko mene ne, abin da ya kamata ka yi bai canja ba.

Kada injin nan ya koma ƙarƙashin yara. Ka gaya wa malama gaskiya cewa ba ka amince da shi ba, ku daidaita ka sa mata wani a wannan makon.

Kada kuma ka fizge shi daga hannun Mama, kada ka kai bola. Ina zargin a gida kun daina ambaton Yaya don kar ta yi kuka, shi ya sa ta sami inda za ta yi hirarsa. Ku dawo da hirar gida. Ka zauna da ita da yamma, ka tambaye ta yarintarsa, ku yi masa addu'a tare. In ta fara rasa barci ko abinci, ko ta ce tana jin muryarsa a wani wurin, ku ga likita ba tare da jinkiri ba. Matarka tsoro take ji, ba mugunta ba ce. Ka karanta mata wannan amsar.

In hankalin Mama ya ɗan kwanta, ka warware naɗin gaba ɗaya, ka ba ta wayar Yaya ta adana, ka naɗa sabuwa da hannunka daga farko har ƙarshe. Ranar da za ka yi, ka kira abokin sana'a ɗaya ya zauna da kai. Ba aikin da za ka yi kai kaɗai a shago ba ne.

Allah ya sanyaya zuciyar Mama, ya tsare malama da 'ya'yanta a hanya, ya sa albarka a hannunka.