Zogalen Cikin Roba

Daren Asabar, Bukkuyum

Yaya Sani ya iso daga Abuja da ciwon suga da kuma wa'azi. Likita ya hana shi kitse da lemon kwalba, shi ke nan ya zama malamin lafiya. Ya zaunar da Inna yana koya mata amfanin ganye da wake da gero, matar da ta tsufa tana cin su. Mutumin da a da in an kawo masa kwaɗon zogale yake yatsine fuska ya ce abincin awaki ne!

Har da zaro wata 'yar roba daga jaka, garin zogale a ciki, Turanci a jiki. Bara fa shi ya sa aka sare zogalen ƙofar gidanmu don ya samu wurin ajiye mota.

Inna ta shinshina robar, ta miƙa masa. Ta ce, "Sani, wanga ya tsufa. Da ka bar min iccena, da ɗanye za ka ci."

Ƙafarsa ta kumbura, abin ya dame ni, ban ɓoye ba. Amma kututturen zogalen nan ya yi tofo a ƙarƙashin motarsa, kuma ba zan faɗa masa ba. Sai dai ya duƙa ya gani da kansa.