Shayin da Nake Dafa wa Mahaifiyarki

Daga Timiya, zuwa ga 'yata Gaisha a Tamanraset.

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da mijinki Agali da yara. Allah Ya sa haka, amin. Mu nan mun gode Allah, sai gajiya. Dabino ya nuna, awaki sun haihu, amma ba wannan ya sa na zaunar da Malam Gissa yake rubuta miki ba.

Tun shekarar babban fari, wadda raƙuman kakanki suka ƙare a hanyar Bilma, ban taɓa tsame hannu daga akushi ban dafa wa mahaifiyarki shayi ba, kofi uku, yadda na tarar ana yi. A daminar bana ta fara kasawa. Guga ɗaya za ta jawo ta zauna tana haki, cikin idonta fari fat. Ni kuwa da na ga ƙarfinta yana tafiya, sai na ƙara ganye, na ƙara tafasawa, wai shi zai tayar da ita.

A asibiti aka ba ta ƙwayoyin ƙarin jini. Wata biyu tana kora su da kofin farko, shiru. Da muka koma, ma'aikaciyar, wadda na ci naman sunanta, ta tambaye ta da me take shan ƙwayoyin. Ta ce wai akwai ƙarfe a cikin abinci da cikin ƙwayar, hanji ke tsotse shi ya miƙa wa ɓargo ya haɗa jini, shayi mai kauri kuwa ɗaure shi yake yi ya wuce a banza. A sha da ruwan lemu, a ci hanta, shayi ya jira awa biyu. Na ce ni ƙarfe a maƙera na san shi, kuma ubana ya sha shayi har ya shekara casa'in. Ta ce mini in yi haƙuri, amma ubana bai yi haihuwa tara ba. Mahaifiyarki ta yi dariya har da tari.

Kin san halina. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ni kuwa na bushe. Kwana shida na ci gaba da dafawa, ita kuma tana karɓa. Jiya ta faɗi a bakin rijiya. Ba ta ji rauni ba, amma da na ɗaga ta, ba ta kai rabin buhun gero ba. Na tambaye ta don me ta ci gaba da sha alhali ta yarda da maganar asibiti. Ta ce hannuna ne ya miƙo, kuma shekara hamsin ba ta taɓa mayar mini da kofi ba.

Ki gaishe da Agali, da yara, Tikna da takwarana. Gwaggonki Fadimata tana gaishe ki. Har yanzu ban gane yadda ƙarfe yake zama jini ba, kuma na gaji da musu. Gobe da safe, in Allah Ya kai mu, zan yanka ɗan akuya a gasa mata hanta, in matse mata lemu. Butar shayi kuwa zan kai ta gidan Malam Gissa in ce ya riƙe, kada ya ba ni ko na roƙa, sai rana ta ɗaga.

Ni ne mahaifinki,
Bazo ag Alhur