A Bar wa Auta Ɗakinta

Ni mahaifinku, tsohon telan masana'anta, na rubuta wannan da hannuna, cikin hankalina, ba wanda ya matsa mini. Likita ya gaya mini abin da ya gani a ƙirjina, na kuma gane.

Na ɗaya. Abin da na bari a raba yadda addini ya tsara. Keken ɗinkina na riga na ba gwaggonku, kada a tayar da maganar.

Na biyu. Kun sha yi mini dariya in ana zaɓe a babbar ƙasar nan ta ƙetare, kuna cewa Baba ya manne wa rediyo kamar shi ma zai jefa ƙuri'a. Ga dalilina. Shekara goma sha tara ina ɗinka aljihun wando a layi na huɗu, duk can ake kai su. Aka yi zaɓe a can, ko sunan wanda ya ci ban sani ba. Bayan wata takwas manaja ya tara mu a bakin ƙofa, ya ce sabuwar gwamnatinsu ta ɗora wa kayanmu haraji, masu saye sun janye. Mu ɗari shida muka ajiye almakashi rana ɗaya. Shekarar ce yayanku Babba ya bar makaranta. Saboda haka ku riƙa saurare, ba don nishaɗi ba, don ku ga abu tun yana nesa.

Na uku. Babba da Dogo, shekara biyu ba ku gaisa ba. A zaɓen can, Babba yana son ɗan takarar da ya ce zai buɗe kasuwa, Dogo yana son wanda ya ce ba zai kori baƙi ba. A falona, a gaban mahaifiyarku, Dogo ya ce yayansa ya fifita ciniki a kan ƙanwarsa Auta da ke zaune can. Kowannenku na da hujja, na sani. Amma mutanen nan biyu ba su san da zamanku a duniya ba. Dogo, kai ne ƙarami, kai za ka je. Babba, in ya zo kada ka bar shi tsaye.

Na huɗu. Auta tana can tana jinyar tsofaffinsu, takardun zamanta kuma a hannun wanda ya ci zaɓe suke. A waya takan ce lafiya ƙalau, amma na san muryar 'yata. Ina roƙonku, ɗakinta na baya kada a sa haya, kada a mayar da shi wurin ajiya. In suka koro ta, ku biyu za ku tarbo ta a mota ɗaya, kuma kada wanda ya tambaye ta me ta zo da shi.

Na yafe muku duka, ku ma ku yafe mini. Allah Ya yi muku albarka, Ya raya 'ya'yanku. Ku riƙe mahaifiyarku, ku riƙe juna. Ko wa ya ci a can, ku ci abinci tare a nan.