Gwiwata ta tona ni a ƙofar Kawu

Zuwa ga Yaya Sa'idu a Kwatano,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa. Yaya jiki, yaya aiki, yaya Rabi da yara? Mu nan Ƙonni lafiya lau, sai dai hankalina ba a kwance yake ba.

Har yanzu ina shagon nan, ina kai wa mutane dage da yawur, gero da nono masu sukari, a moto bayan isha'i. Ran nan aka ba ni kwatancen wani gida bayan tasha. Ina isa sai ga ƙofar Kawu Mamman, wanda likita ya hana ko sukarin shayi. Ya fito da kansa yana waige-waige kada matarsa Inna Hajo ta ji. Na ce bari in bar hular moto a kaina, in miƙa masa in wuce. Kafin in farga, gwiwata ta kai ƙasa don gaisuwa.

Ya dube ni ya ce, "Lawali na? To, ba ka gane ni ba, ban gane ka ba."

Tun daga nan barci ya ƙaurace mini. In na faɗa wa Inna, na kunyata babba. In na yi shiru, da hannuna nake kai masa cuta. Kai yake jin maganarka. Ka kira shi, amma kada ka ambace ni.

Ka sa mu a addu'a, ka gai da mutanen gida. Ka hanzarta, Yaya. Yau ma Kawu ya bugo waya shagon, kuma ya ce ni za a aiko.

Ƙaninka,
Lawali