Bindigar Alan da zomayen da ban yanka ba

Daren Asabar, Camberwell

Allah wadaran bindigar Alan, abokin aikina a asibiti. Ya kai ni farautar zomaye wata gona bayan gari, muka shirya da na ji harbi in ruga da wuƙa in yanka. Ashe da salansa mai danne ƙarar harbi a jikinta aka ƙera ta. Ina tsugune cikin sanyi ina jiran ƙara, shi kuwa yana ta zubar da su. Kafin ya tuna da ni duk sun zama mushe.

A mota ma yabonta yake: "Ba ta kashe kunne, zomaye ba sa watsewa, wanke ta ne kawai wahala." Ko kallonsa ban yi ba.

Na tarar matata har ta yi jajjage tana jiran nama. Da kifin gwangwani muka ci shinkafar.