Mangwaron Ummi Ya Tofo

Sa'adatu 'yata, mangwaron Ummi ya tofo! Yi haƙuri, murna ce ta hana ni fara sallama. Assalamu alaikum. Yaya gida, yaya maigidan naki, yaya zaman Fatakwal? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Wanda na dasa ranar sunanta nake nufi. Da bazara ta tsananta, rijiyarmu ta ja baya, ganyensa ya zube, ya koma tsinke. Babarki ta ce, "Malam, ruwan da muke sha da ƙyar za ka ba itace?" Sai na ɗauke dutsen alwala daga ƙofar zaure na kai gindinsa, na ce duk mai alwala a gidan nan can zai tsuguna. Ita ma can take zuba ruwan wankin gero, tana mita.

Jiya da la'asar na tsuguna da buta, sai ga sababbin ganye jajaye a jikin tsinken. Na daɗe ban tashi ba.

Ki gaya wa amaryata Ummi inuwarta na nan. A sa mu a addu'a, a gaida yara. Da Sallah ku taho duka ku gani da idonku.