Wurin da Tahiru ya so yankewa

Litinin, 2 ga Satumba 2024
Ƙanena Ibrah ya dame ni daga Kwatano, wai in kai tsofaffin kaset ɗinmu a juye kafin zafi ya cinye su, yana son 'ya'yansa su ga Inna ko a waya ne. Na kai wa Tahiru mai ɗaukar biki. Zai yi kwafi biyu, babba na ajiya a kile, wato filash, da ƙarami wanda rezon waya zai iya ja in tura wa Ibrah.

Alhamis, 5 ga Satumba
Na ga kaset ɗin bikin Ibrah. Inna sai ɓuya take bayan mata. Allah ya jiƙanta. Kowa ta kira da sunansa, ni kuwa 'yar fari, har ta rasu "ke" ce ko "waccan". Kunya ce, na sani, ni ma haka nake da nawa na fari da ke karatu a Yamai. Amma abin yana ci mini rai.

Asabar, 7 ga Satumba
Tahiru ya ce akwai wurin da Kawu Manzo ya ajiye kyamara a kan turmi ya tafi salla bai kashe ba. Ƙafafu ne kawai da kaji, zai yanke don ya rage nauyi. Na ce ya bari in gani, ni da son gulma.

Ga zanen Inna, ga ƙafarta mai kaushi. Murya ƙasa-ƙasa take ce wa ƙawarta Hasiya: "Hamidata tun da sahe take bisa ƙahwa, ko hura ba ta sha ba. Aje mata tsokag ga, kak ki ce ni na ba da."

Na tuna naman. Hasiya na yi wa godiya.

Lahadi, 8 ga Satumba
A ƙaramin kwafin muryar ta dushe, sai kukan kaji. Na ce wa Tahiru babban ko tari kada ya cire, ya yi mini biyu, ɗaya zai zauna a Yamai. Ibrah ya kira yana tsiya, wai na aiko masa da fim ɗin kaji. Ban gaya masa ba tukuna.

Juma'a, 13 ga Satumba
Na tura wa yaron nan na Yamai saƙon murya ya je tasha ya karɓi kile. Da na sake saurare, ashe na ce "Kamal". Tuntuɓen harshe ne. Ban dai goge ba.